Bokiti Na Sha Huɗu

Telan da ke ƙasan ɗakin Baba ne ya kira ni ranar Talata, ina tsakiyar fama da yara sittin a aji. Ya ce in zo in duba rufin shagonsa. Na ce masa ni malamar makaranta ce, ba birkila ba. Ya ce ya sani, amma rufinsa shi ne daɓen ubana.

Da aka tashi na je. Tsaga ta ratsa rufin tun daga kusurwa har gindin fanka, kuma wani ɓallin siminti ya faɗo wa keken ɗinkinsa ya lanƙwasa sandar zare. Mai gidan ya riga ni zuwa. Ya hau sama ya ga abin da ke ɗakin, ya sauko ya ba da mako guda: ko bokitan su fita, ko su fita tare da mai su.

Bokitai ashirin da uku ne, manya, irin na fenti, kowanne cike da kwabbai har baki. Bokiti ɗaya shekara ɗaya, kuma kowanne da lambarsa da Baba ya rubuta da jan fenti. Ƙato ba ya iya ɗaga guda shi kaɗai. Suna jere hawa biyu a jikin bango, sun cinye rabin ɗakin, sun bar wa Baba gado da kujera da ɗan teburin da ke gaban taga.

Baba ya yi shekara talatin a ɗakin tsaba na kamfanin bas. Kwandastoci su juye jakunkunansu, shi kuma ya tsame na jabu. Abokan aikinsa da ido suke yi, shi da kunne. Yana da wani falalen dutse mai santsi, faɗinsa bai wuce tire ba. Sai ya saki tsaba a kai, ya ɗan karkata kai, ya tura ta dama ko hagu. Mai Kunne suke ce masa, har manaja. Ni dai tun da na yi wayo ban taɓa jin ya ce "ban ji ba". Abin da yake cewa shi ne, "Buɗe bakinka ka yi magana."

Wata shekara aka daina buga kwabo da jan ƙarfe zalla. Aka koma yin sa da baƙin ƙarfe a shafa masa ja a sama, girma ɗaya, hoto ɗaya. Ido ba ya raba su, amma Baba ya raba su tun ranar farko. Ya ce tsohon in ya faɗi yana jan wani siririn amo mai tsawo, sabon kuwa "tak" yake cewa ya yi shiru. Sai wani direba ya gaya masa cewa jan ƙarfen da ke jikin tsohon kwabo ya fi kwabon kansa daraja. Direban ya faɗi maganarsa ya tafi gida ya manta. Mu ya bar mu da ita shekara ashirin da uku.

Da Baba ya yi ritaya suka bar masa dutsen. Kullum da safe ya bi shaguna yana canza takarda da kwabbai, da rana ya zauna gaban taga yana sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Na dama su shiga bokiti, na hagu su koma jaka a mayar wa masu shago. Na taɓa ce masa ai shekarar bugu tana rubuce a jikin kowanne, ya ce karatu na ɗalibaina ne. Na ce to ga maganaɗisu, mayen ƙarfe, minti biyar ya gama masa aikin wuni. Ya ce wannan abin wasan yara ne, shi ba yau ya fara ba.

Umma ƙaramar mace ce mai siririyar murya. Ko faɗa take yi sai ka matso kusa. Muryar da ta ƙi amfani da ita ni na kwashe, shi ya sa Baba yake ce mini Lasifika. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, kuma har yanzu yana riƙe da ita a kan abu guda. Shekarar da aka yi mini aiki a asibiti ta zo ta zauna a wajena wata uku. A faɗarsa, tun da ta koma ta daina yi masa magana. "Ina cika na sha huɗu ta dawo daga gidanki da bakinta a ɗinke," haka yake cewa. Wai fushi take da kwabbai. Wai shekara biyar tana ajiye masa abinci kamar a gidan haya, har ta mutu ba ta ce masa ko sai wata rana ba.

Ba haka aka yi ba. Umma tana magana, shi ne ya daina ji. Siririn sauti ne ya fara ɓace masa, muryarta kuma ba ta da wani sai shi. Ta gane tun da wuri, ta hana mu faɗa. Ta ce kunnen nan shi kaɗai ne abin da ya taɓa yin taƙama da shi, a bar masa kayansa. Bayan ta rasu na faɗa masa sau ɗaya. Ya ce dole 'ya ta kare uwarta. Ban sake tayar da zancen ba, don na ji haushinsa sosai, kuma ni in na ji haushi ina iya riƙewa.

Na hau sama na same shi a gaban dutse, bayansa ga ƙofa. Na yi sallama sau biyu da muryar mutane, sannan na yi da muryar aji. Ya juyo.

"Lasifika, za ki fasa mini taga."

"Baba, ka ji abin da mai gida ya ce?"

"Ya zo yana ta motsa baki. Mutanen yanzu ba sa buɗe baki su yi magana."

"Ya ce mako guda. A fitar da bokitan nan."

"To a fitar. Dama lokacinsu ya yi. In na sayar ma sai in nemi ɗaki a ƙasa, in huta da matakala."

"Ɗaki yana nan a gidana, na share shi tun bara."

Ya mayar da fuskarsa ga taga. Wannan maganar mun yi ta ya fi sau goma. Sau biyu butar shayinsa tana ƙonewa ƙurmus tana ta fito yana zaune kusa da ita. Watan jiya wata babbar mota tana ja da baya tana ta ham, sai da mai sayar da jarida ya fizgo shi ta riga. Ni abin da nake so kawai ya koma inda wani zai ji masa abin da ba ya ji. Shi kuma a wajensa bin 'yarsa gida daidai yake da ya ce kunnen ya mutu.

"Ba ka ji, Baba," na ce. "Kowa ya sani sai kai."

Ya nuna bokitan da leɓe. "Wa ya tara waɗannan? Ido? Duk abin da ke ciki kunnen nan ne ya zaɓa. Kira mai sayen ƙarfe. Ya zo da abin wasan nasa. In ya samu baƙin ƙarfe ko ɗaya cikin goma, na ɗauki jakata na bi ki. In bai samu ba, kar in sake jin zancen ɗakin nan naki."

"Ka yarda?"

"Ni na faɗa."

Na sauko ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ina kallon hannunsa a kan dutsen nan. Dama, hagu, dama, dama, da saurinsa na da. Hannun bai san kunnen ya yi ritaya ba.

Ranar Asabar da hantsi mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo, wanda kowa a layin yake kira Mai Sikeli. Ya zo da buɗaɗɗiyar mota da masu dako huɗu da sikelin ƙasa da tamfol. Kafin a taɓa komai ya yi mini bayani: tun bara aka daina karɓar kwabo, don haka wannan ba kuɗi ba ne yanzu, ƙarfe ne, kuma shi ƙarfe yake saye ba tarihi ba. Jan ƙarfe da farashinsa, baƙi da nasa, tsakaninsu kuma akwai tafiya. Daga nan ya ciro mayen ƙarfensa daga ƙarƙashin kujerar mota, baƙi, mai faɗin tafin hannu biyu, ɗaure da igiya. Ya ce daga jikin tsohuwar lasifika ya ciro shi. Na kalli Baba in ga ko ya ji, bai ji ba.

Baba ya sa rigarsa ta zuwa ofis, wadda wuyanta ya fara cinyewa. Ya sa aka sauko masa da kujera bakin shagon tela, ya zauna da dutsensa a cinya. Ya ce a bi lamba, kar a tsallake. Masu dako biyu-biyu suke sauko da bokiti ɗaya, suna nishi suna tambayar juna ko gawar inji ce a ciki.

Aka juye na ɗaya a kan tamfol. Kwabban sun yi duhu, wasu sun yi kore-kore, suna wari irin na tsohon famfo. Mai Sikeli ya baza su da ƙafa, ya ja mayen ƙarfe a kansu daga wannan gefe zuwa wancan, ya ɗaga. Babu ko ɗaya. Ya sake ja a hankali, ya ɗaga, ya duba ƙasansa kamar mai zargin ya lalace.

"Dattijo, da me ka ware waɗannan?"

Na maimaita wa Baba da ƙarfi. Ya ɗaga yatsa ya taɓa kunnensa.

Na biyu haka, na uku haka. Har na takwas ko guda bai manne ba. Mutane suka fara tsayawa kallo. Mai Sikeli ya ce shekararsa ashirin yana wannan sana'a bai taɓa ganin kaya mai tsabta haka ba, ko waya da aka fere ba ta kai shi ba. Wannan ma na maimaita wa Baba, duk da ba ni aka yaba ba. Ya gyara zama ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. A raina na fara tunanin ko ni ce zan koma gida da kunya.

Ana cikin awo tela ya tambayi Mai Sikeli nawa bokiti ɗaya yake tashi. Mai Sikeli ya faɗa. Kusan ninki biyu ne na abin da kwabban suke a matsayin kuɗi, don haka direban nan bai yi ƙarya ba. Tela ya ƙirga da yatsu, sannan ya ce shekarar da aka cika na ɗaya, da kwatankwacin kuɗin da ke cikinsa ya sayi keken ɗinkinsa sabo fil har da canji. Yau ninki biyun ba zai sayi ƙafar keken ba. Mai Sikeli ya ce ai shi ya sa shi ba ya ajiye ƙarfe ya kwana biyu, jan ƙarfe yana tashi amma burodi ya fi shi sauri. Wannan ban maimaita wa Baba ba.

A na sha ɗaya guda uku suka manne. Mai Sikeli ya cire su ya jefa a wani kwano, ya ce wannan ba komai ba ne, ko inji yana kuskure. Baba ya ce wataƙila jikokinsa ne suka zuba masa. A na sha biyu aka samu cikin tafi. A na sha uku sai da aka ja sau huɗu kafin ya fito wayam, kwanon ya kusa cika. Baba ya sauke ƙafarsa.

Aka juye na sha huɗu. Tun kafin a ja na ga launinsa ya fi na baya haske. Mai Sikeli ya saki igiya, sai muka ji "caɓ", kwabbai suka yi tsalle suka rufe mayen ƙarfen har ba a ganin baƙinsa. Ya ɗaga shi da hannu biyu, suna lilo a jiki kamar tururuwa a kan ƙashi. Ya kankare su a wani buhu, ya sake ja, ya sake cika. Da ya gama, abin da ya rage a tamfol bai fi rabi ba.

Baba ya miƙa hannu, aka ba shi guda daga buhun. Ya sake shi a kan dutse, ya karkata kai. Ya karɓi wani daga tamfol ya sake, ya karkata kai. Ni daga inda nake tsaye na ji bambancin, ɗaya ya ce "tak", ɗayan ya ja siririn amonsa har sai da ya kwanta. Baba ya sake gwadawa, ya kai kunnensa har yana taɓa dutsen. Sannan ya ajiye su biyun a gefe guda.

Sauran ba su ɗauki lokaci ba. Duk shekarar da aka ƙara, tsohon kwabo yana ƙara wuya a gari, hannun Baba kuma yana ta tura rabi dama rabi hagu yadda ya saba. Na ashirin da uku kusan dukansa buhu ya tafi. Mai Sikeli ya auna buhunan baƙin ƙarfe a dunƙule, ya ce zai kwashe su ne don darajar dattijo, amma kuɗinsu ba zai biya masu dako ba. Ya miƙo mini kuɗin jan ƙarfen, na nuna masa Baba. Baba ya karɓa ya sa a aljihun gaba bai duba ba.

Na ci, kuma ban ji daɗin komai ba. Na tsaya ina naɗe igiyar da ba tawa ba don in samu abin yi da hannuna.

"Lasifika."

"Na'am, Baba."

"Wanda ya fara cika mayen ƙarfen nan, lamba nawa ne?"

"Sha huɗu."

Ya san amsar, shi ya rubuta lambar. Bokitin yana kife a gefen kwata, ya daɗe yana kallonsa. Masu dako suna loda buhuna, tela ya koma bakin ƙofarsa da almakashi a hannu.

"Shekarar da ta dawo daga gidanki ke nan."

"Ita ce."

"Tana magana?"

"Kullum, Baba."

"Da ni?"

"Da wa za ta yi? Ku biyu ne a ɗakin."

Ya shafa dutsen da tafin hannunsa, kamar yadda yake yi in zai fara aiki. "Me take cewa?"

Na gaya masa abin da na sani. Shayinka ya huce. Ka sa rigar sanyi. Matar mai jarida ta haihu. In tana tsaye a taga tana ba shi labarin duk wanda ya wuce a layi, shi yana saki yana turawa, ita tana ci gaba da labarinta. Duk wannan da muryar aji na faɗa, a bakin titi, don ba ni da wata muryar da za ta kai masa.

"Ranar da ta rasu fa? Kina nan."

Ina nan. Da safe ne, tana kwance, shi yana gaban taga bayansa gare ta, ni ina zaune a bakin gado. Ta yi masa magana mai ɗan tsawo, ta jira, sannan ta yi murmushi ta ce mini in bar shi. Shekara huɗu ina riƙe da maganar nan. Na ce wa kaina alkawari nake cikawa, amma haushi ne, ina so ya biya wani abu.

Na duba masu dako, na duba tela, na duba mutanen da suka rage. Magana ce da aka faɗa a hankali a cikin ɗaki, ba ta bakin titi ba. Sai na sunkuya kusa da shi na rage murya, yadda ita ta faɗa.

"Ta ce ƙarar kwabban nan ba ta taɓa damunta ba. Ta ce in tana jin su ta san kana gida. Ta ce ka yafe mata in ta yi maka surutu da yawa."

Baba yana kallon bakina. Ya ɗan karkata kai, irin karkatawar da yake yi wa dutse. Na ga leɓensa ya motsa zai ce in buɗe baki in yi magana, sai ya fasa.

"Ban ji ba," ya ce. "Sake faɗa."

Na miƙe tsaye na cika ƙirjina da iska, na faɗa masa da dukan muryata, har mai jarida a tsallaken titi ya juyo. Mai Sikeli ya kashe injin motarsa. Baba ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai sau ɗaya. Sannan ya miƙo mini dutsen ya ce in riƙe masa, zai hau ya ɗauko jakarsa.